Daga Wuri zuwa Sifiri: Tarihin Kalmomin da Muke Lissafi da Su

 

 Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakaninmu, daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har unguwannin Yamai: wai lissafi kayan lakkol ne, ɗan makarantar allo ba ruwansa da shi. Sai ka ji ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani, ya karanci Ahalari da Ishmawi, ana tambayarsa kashi ɗaya cikin takwas na jikka ɗari huɗu, ya ce a kira ɗan boko. Shi kuma ɗan boko yana ganin alƙaluman da ke kan allon mushe daga Faransa aka zo da su a jirgi. Duka biyun sun yi asara. A wannan ɗan littafi na tunawa da kafuwar ƙungiyarmu, bari mu kira shaidun da ba su iya ƙarya, wato kalmomin da muke ƙirga da su kullum a kasuwa da masallaci da gida, mu ji daga ina kowace ta fito.

Mu fara da ita kanta kalmar lissafi, ko lissahi kamar yadda bakin Maraɗi da na Adar ke faɗa. Asalinta Larabci ne, al-hisab. Bahaushe ya ji ta tun da daɗewa a bakin fatake da malamai, bai raba ta da "al" ɗin da ke gabanta ba, ya haɗiye su tare, ya mai da "b" ta ƙarshe "f", ya ƙara mata wasali. Haka ya yi wa al-kitab ta zama littafi, al-aib ta zama laifi, al-imam ta zama liman. Bayan zamani, da karatun littattafai ya yi ƙarfi a ƙasar Hausa, kalmar ta sake shigowa karo na biyu, wannan karon daga takarda, da kamanninta na Larabci: hisabi. Wani masanin harsuna ɗan Amurka, Joseph Greenberg, ya yi rubutu a 1947 kan waɗannan hawa biyu na kalmomin Larabci a Hausa, na bakin kasuwa da na cikin littafi. To, kalma ɗaya ce ta shigo ta ƙofa biyu, muka ba kowace aikinta. Lissafi muka bar wa kuɗi da hatsi da kwanaki. Hisabi muka ajiye wa ranar tsayuwa gaban Allah. Ma'ajin ƙungiya da ke cewa "bari in yi lissahin kuɗɗin da anka tara", da sunan waccan ranar yake kiran aikinsa, ko ya lura ko bai lura ba.

Amma kada wani ya ɗauka kakanninmu ba su iya ƙirga ba sai da Larabci ya zo. Ƙirga da ƙidaya Hausa ne tsantsa. Haka tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, da "sau" ɗin da muke cewa uku sau huɗu. Daga ɗaya zuwa goma duk namu ne. Abin da ya canza shi ne gomomi. A da cewa ake gomiya biyu, gomiya uku, gomiya tara, kuma har yau tsofaffi a ƙauyukan Gobir da Adar da Arewa ba su bar wannan ba. Sannan ashirin, talatin, arba'in, hamsin, sittin, saba'in, tamanin da tis'in suka zo daga Larabci suka zauna, tis'in ma ta narke a bakin wasu ta zama casa'in. Ƴan kasuwa suka ƙara da minya, metan, arbaminya, hamsaminya, alif da alfyan. Har "gaira" da ake cewa metan gaira ashirin, wato 180, ghair ce ta Larabci, ta tarar da namu salon na "ashirin ba ɗaya" da "talatin biyu babu" ta shiga cikinsa. Kwanakin mako ma ƙirga ne: Lahadi ta ɗaya, Litinin ta biyu, Talata ta uku, Laraba ta huɗu, Alhamis ta biyar. Duk wanda ya ce "sai ran Laraba" ya yi ƙirga da Larabci.

Kayan ƙirga na farko kuwa Allah ya halicce mu da shi: yatsu. Larabawan zamanin Annabi (SAW) suna da wani tsari da ake kira hisabul uƙud, lissafin ƙulla yatsu, inda kowane irin lanƙwasa yatsa ke nufin wani adadi, ta yadda mutum zai nuna har dubbai da hannu biyu. Wannan ya bar sawu a cikin hadisai. A Sahihu Muslim, Abdullahi ɗan Umar ya siffanta yadda Annabi ke riƙe hannunsa na dama a zaman tahiya da cewa ya ƙulla hamsin da uku. Wanda bai san wancan tsari ba zai karanta hadisin ya wuce, bai gane cewa siffar yatsu ake nuna masa da adadi ba. Haka hadisin da ya nuna kwanakin wata da buɗe tafuka sau uku, ya lanƙwashe babban yatsa a na ukun, ashirin da tara ke nan.

Daga yatsu sai wuri. A nan ya kamata mu daɗe kaɗan, don a nan ne Bahaushe ya goge a lissafi. Kalmar kuɗi, ko kuɗɗi, asalinta jam'in wuri ce: wuri ɗaya, kuɗi da yawa. Wurin kansa baƙo ne, ƙwanson wata ƙaramar halitta ce ta teku, mafi yawansa daga tsibiran Maldib na tekun Indiya. Ibn Baɗɗuɗa ya ga inda ake tara shi a can, sannan ya zo ya tarar ana ciniki da shi a Mali da Gawo a tafiyarsa ta 1352 zuwa 1353. A wannan tafiya ce ya biyo ta Takadda, a ƙasarmu ta Nijar ta yau, inda ya ga ana saye da sayarwa da sandunan jan ƙarfe. Wuri ya yi nasara a kan sauran kuɗaɗe don ba ya ruɓewa, ba a iya ƙera na jabu, kuma ƙanƙantar darajarsa ta sa ko barkono na wuri biyu ana iya sayarwa. Aibinsa ɗaya ne: sai an ƙirga.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdul Karim, ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851, ya tarar da wani attajiri yana fama da wannan aiki. Ya ba da labarin cewa a nan ba a shirya wuri a zare kamar yadda ake yi a bakin teku, a warwatse yake. Mai ƙirga yana jan biyar-biyar da yatsunsa, yana tara su tsibi-tsibi, na ɗari biyu ko na dubu. Sarakuna kan ɗura dubu ashirin a jaka ɗaya ta saƙa, amma ba mai karɓa bai zazzage ya ƙirga da kansa ba. A ranar, mutum biyar ko shida suka taru kafin a gama ƙirga wuri 500,000. Ku auna: jan hannu sau 100,000 ke nan. A Kano a wannan shekara wuri 2,500 ke sayen dalar azurfa guda, saboda haka duk wannan wahala a kan dala 200 aka sha ta. Irin wannan aiki shi ya haifar da kalmominsa. Hauya ashirin ce, hauya goma tsibi ɗaya. Zangu ɗari. Zambar dubu, shi ya sa ake cewa zambar goma, zambar ɗari. Keso, wato tsohuwar tabarma da aka ɗinke, dubu ashirin. Ɗan uwa Bazabarme da ke karanta wannan zai yi murmushi, don zangu da zambar su ne ɗari da dubu a harshensa har gobe. Kasuwa ɗaya muka ci, bakinmu ya haɗu.

A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 kamfanonin Turawa suka riƙa jibgo wani nau'in wuri daga wajajen Zanzibar, darajarsa ta yi ta faɗuwa, har ɗaukarsa zuwa kasuwa mai nisa ya zama asara. Da Faransawa suka kama Damagaram a 1899 suka kafa mulki, haraji ya koma na ƙarfe, wuri ya koma adon ƴan mata da kayan ƴan bori. Kalmominsa dai ba su mutu duka ba. Jakar nan ta wuri ita ce jikkar da muke kiran takardar sefa 1,000 da ita. A ƙetaren iyaka ƴan uwanmu na Najeriya sun kira fam ɗari jaka, da aka koma naira a 1973 jaka ta zama naira 200. Jaka ɗaya ce, abin da ke ciki ne kowace gwamnati ta canza.

Dala ta fi su nisan tafiya. A wajajen 1520 aka fara buga wani babban kuɗin azurfa a wani kwari mai suna Yowakimstal, a ƙasar Cek ta yanzu. "Tal" kwari ne a Jamusanci, sai aka riƙa kiran kuɗin tala, wato na kwari. Daga nan dalar Amurka ta samo suna, daga nan tamu ta samo. Wadda ta iso mana ta hannun fataken Sahara ita ce mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Tereza. Ta rasu a 1780, kuma duk wadda aka buga bayan rasuwarta wannan shekarar aka ci gaba da sa mata, don mutane ba su yarda da wata ba. Nauyinta giram 28. Da Faransawa suka kawo nasu ƙarfen azurfa na tamma biyar, mai giram 25, jama'a suka ga kusan girmansu ɗaya, suka ce wannan ma dala ce. Aka kafa kuɗin sefa a watan Disamba na 1945, azurfa ta tafi, sunan ya zauna a kan tamma biyar. Bambarawa da Wolofawa haka suka yi, sai dai su dirhami suka ara: doromi a Bamako, derem a Dakar, duka tamma biyar.

Abin da wannan ya jawo, kowa ya san shi amma ba mu cika yaba shi ba. A jikin ƙarfe an rubuta 100, baki na cewa dala ashirin. An rubuta 500, baki na cewa dala ɗari. Inna mai tuyar ƙosai da ba ta taɓa zama a aji ba, in ka miƙa mata jikka ka ce "ba ni na talatin da biyar", kafin ka rufe baki ta san canjinka ɗari da sittin da biyar ne. Ɗan lakkol da ke tsaye gefenta sai ya ninka 35 sau biyar ya samu 175, ya ɗebe daga 1,000 ya samu 825, ya sake rabawa biyar kafin ya gane ba ta cuce shi ba. Duk ɗan Nijar da ya san boko kuma yake cin kasuwa, ninkawa da rabawa da biyar yake yi tun safe har dare. A ganina wannan baiwa ce da ya kamata malaman firamare su ɗora karatu a kanta, maimakon su bar yaro yana jin lissafin gida daban, na aji daban.

Yanzu mu shiga zaure. Kalmomin kashi-kashi da muke da su, in ka cire rabi, daga littafin fiƙihu suka fito: sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i, ushiri. Dalili a bayyane yake. Ayoyin gado a Suratun Nisa'i, ta 11 da ta 12 da ta 176, sun yanka rabo shida: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Sumunin nan shi ne tumunin takaba da mata ke faɗa, rabon matar mamaci in ya bar ɗa. Zakka ma haka: ushiri a gonar da ruwan sama ya shayar, shi ya sa manomi ke ware dami ɗaya cikin goma, rabin ushiri a wadda aka sha wahalar ban ruwa, rubu'in ushiri a kuɗi, ɗaya cikin arba'in. Nisabin hatsi wusuƙi biyar, kowane wusuƙi sa'i sittin, kowane sa'i mudun Annabi huɗu, jimla mudu 1,200. Mudu ɗin ma mudd ne na Larabci, jimla kuma jumla, adadi adad. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani tana da babin gado, Muhtasar na Halil da babin gado ya rufe. Ba yadda za a yi mutum ya fita daga waɗannan babuka bai iya haɗa kashi da kashi ba.

Ga misali ɗaya da ke nuna zurfin abin. Mace ta rasu ba ɗa ba iyaye, ta bar miji da ƴan uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji na da rabi, ƴan uwan na da sulusi biyu. In ka yanka dukiyar gida shida, miji na neman uku, su suna neman huɗu, bakwai ke nan, alhali shida ke akwai. A zamanin Sayyidina Umar aka fuskanci irin wannan, aka daidaita a kan abin da ake kira auli: a yanka dukiyar gida bakwai, kowa ya ɗan ragu gwargwadon rabonsa. In ta bar jikka ɗari bakwai, miji ya ɗauki ɗari uku, ƴan uwan su raba ɗari huɗu. Wanda bai san wannan ba zai fara ba miji jikka ɗari uku da hamsin, ya tura wa mata saura, ya ci musu jikka hamsin da sunan shari'a. Irin wannan kuskure ba ya tsayawa a takarda. Gona ce, gida ne, zumunci ne ke tsinkewa.

Wannan buƙata ce ta sa Muhammadu ɗan Musa al-Khawarizmi ya rubuta littafinsa na al-jabr wal muƙabala a Bagadaza a wajajen 820, zamanin halifa Ma'amun. Shi da kansa ya bayyana cewa ya rubuta shi ne don abin da mutane ke buƙata a gado da wasiyya da shari'a da ciniki da awon ƙasa, kuma babban ɓangare na littafin matsalolin wasiyya ne. Jabr a Larabci ɗori ne, irin na wanda ya karye: a mai da abin da ya ragu a gefe ɗaya don lissafi ya miƙe. Ita ce algèbre da ke ba ƴan kwaleji ciwon kai. Sunan mutumin kuma, da Turawa suka murɗe shi a Latin, shi ya zama algorithme, kalmar da yau ake jifa da ita duk lokacin da ake maganar Facebook da TikTok.

Al-Khawarizmi ya rubuta wani littafin kan lissafin Indiyawa, mai alamomi tara da ɗigon da ke riƙe gurbin da ba kowa. Indiyawa na kiran wannan gurbi shunya, wato wofi. Larabawa suka fassara da sifr, mu muka ce sifiri. Wani yaro ɗan garin Pisa na Italiya, Leonardo, wanda aka fi sani da Fibonacci, ya koyi wannan lissafi a Bijaya ta Aljeriya inda mahaifinsa ke aiki wa ƴan kasuwar garinsu, ya rubuta littafi a kai a 1202. Ta irin wannan hanya sifr ta shiga harsunan Turai, ta haihu biyu a Faransanci: zéro da chiffre. Yaron da ya dawo gida yana kuka mushe ya ba shi zero, sifiri aka ba shi, ta dai zagayo ta Italiya ne. Mu kuma da muka tashi ba wa alamomin suna sai muka kira su alƙaluma, jam'in alƙalami, kayan rubutun ya ba abin da ya rubuta sunansa. Lamba kuwa daga Ingilishi ta tsallako iyaka.

Da farko ba da alƙalami ake wannan lissafi ba. Allo ake samu a barbaɗa masa ƙura ko rairayi, a rubuta da yatsa ko tsinke, a shafe a sake. Shi ya sa a Magrib da Andalus ake kiransa hisabul gubar, lissafin ƙura, kuma siffar alƙaluman da aka yi amfani da su a can ita ce ta zama 1, 2, 3 da muke rubutawa yau. Wani malami, al-Uƙlidisi, ya rubuta littafi a Dimashƙa a wajajen 952 yana koya yadda za a bar ƙura a koma tawada da takarda. Dalilansa za su ba ku dariya don kamar a garinmu yake magana: iska na share lissafin, hannu na yin datti, kuma mutane na ganin allon ƙura a hannun masu duba na bakin hanya, sai su ɗauka malamin lissafi ma ɗaya ne daga cikinsu. Ashe rikita lissafi da bugun ƙasa ya fi shekara dubu. Kalmar abaque ta Faransanci ma daga abaks ta Girkanci take, allon da ake lissafi a kansa. Ƴan Sin da Japan da Rasha sun ƙera nasu na ƙwallaye a kan sanduna. Mu ba a san mu da wannan ba, ƙasa da yatsa da wuri sun ishe mu.

Malamanmu na da wata hanyar kuma ta rubuta adadi, da haruffa. Kowane harafi na abajada yana da nauyinsa: alif ɗaya, ba biyu, jim uku, dal huɗu, har zuwa dubu. Da shi marubuta waƙoƙin ajami ke ɓoye shekarar da suka gama waƙa a cikin kalma ɗaya a baitocin ƙarshe, abin da ake kira ramzi. Sai dai a kula, lissafin Magrib da muka gada ya saɓa wa na Gabas a haruffa shida. A wurinmu shin dubu ce, a Masar ɗari uku. Ɗauki kalmar sharaf: shin, ra, fa. A namu 1,000 da 200 da 80, shekara ta 1280 ta Hijira ke nan, wadda ta kama a 1863. A na Gabas 580 za ka samu. Ɗalibin da ya ɗauko jadawali daga littafin da aka buga a Beirut ya auna rubutun kakansa da shi, zai mai da kakan baya da shekara ɗari bakwai.

A wannan fage ƙasar Katsina ta fitar da mutumin da sunansa ya shiga tarihin lissafi na duniya, kuma mutanen Maraɗi, da sarautarsu ta Katsina ce, suna da haƙƙin alfahari da shi. Shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi. Ya yi karatu a gida, ya tafi aikin hajji, ya zauna Alƙahira yana koyarwa, ya rasu a can a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. A wajajen 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan aufaƙ, abin da muke kira hatimi: murabba'in da aka jera adadi a gidajensa ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimlarsa ɗaya. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa, ko ta ina 15. Mai gida ashirin da biyar ko ta ina 65. Al-Kashnawi ya ba da ƙa'idojin gina irin waɗannan masu gefe mara, uku, biyar, bakwai, zuwa sama. Abin da wasu ke yi da hatimi na neman asiri, malamai sun yi magana a kansa, kuma ba shi muke yabo ba. Ƙa'idar jera adadin kuwa lissafi ce tsantsa, ana koyar da ita a jami'o'i, kuma duk wanda ya gwada cika mai gida ashirin da biyar ba tare da ƙa'ida ba zai san mutumin ya yi aiki.

Saura tsakuwa. A Larabci hasa tsakuwa ce, daga gare ta aka samu ihsa'i, ƙididdigewa, kalmar da hadisin sunayen Allah casa'in da tara ya yi amfani da ita, kuma ita ce sunan ilimin ƙididdiga a jami'o'in Larabawa yau. A Latin calculus ƴar tsakuwa ce, daga gare ta Faransanci ya samu calcul. Al'umma biyu da ba su yi shawara ba suka kira lissafi da sunan tsakuwa, don da ita makiyayi ke sanin ko tumakinsa sun cika. Tasbaha, ko carbi, ko cazbi, duk daga tasbihi suke, aikin ya ba kayan aikin suna. Tsakuwa ce aka huda aka shirya a zare, talatin da uku sau uku, don kada a ɓace a ƙirga. Ƙullin karare da ɗan aji ɗaya ke ɗauka zuwa lakkol, goma-goma a ɗaure, danginsu ne. Haka zanen gawayi da mai nono ke yi a bangon gidan da take bin bashi.

Na'ura ma tana da labari. Na'ura a Larabci ita ce babbar ƙafar katako mai juyawa tana ɗebo ruwa daga kogi, irin waɗanda har yau ke tsaye a garin Hama na Siriya. Bahaushe ya ɗauki sunan ya ba duk wani abu mai aiki da kansa, har ya kai ga na'ura mai ƙwaƙwalwa. Kwamfuta daga Ingilishi take, ma'anarta mai lissafi, kuma kafin a ƙera injin mutane ake kira da wannan suna, ma'aikatan da aikinsu ke nan. Faransawa sun ƙi aron kalmar: a 1955 wani malamin Latin, Jacques Perret, ya ba kamfanin IBM shawarar ordinateur, mai tsarawa, ita ce odinatar da muke ji a ofisoshin Yamai. Larabawa kuwa suka koma tushen da muka fara da shi, suka ce hasub, ɗan uwan hisabi da lissafi.

Wayar da ke aljihunku tana da duk wannan a cikinta, amma ba ta san dala ba. Shi ya sa a rassan ƙungiya ake samun saɓani tsakanin abin da aka faɗa a taro da abin da aka rubuta: wani ya ce ya ba da ɗari biyar yana nufin dala, sakatare ya rubuta 500 na sefa, alhali 2,500 aka karɓa. Mai riƙe da littafin kuɗi ya rubuta a saman kowane shafi ko da dala yake ƙirga ko da tamma, kuma in ya karanta wa jama'a ya faɗi duka biyun.